Tubali Ba Shi Da Suna A Jerin AutoCAD, Kuma Abin Ya Shafe Mu

Wannan karon layi ya zo kaina, kuma na san wasu da ganin take za su ce me ya haɗa marubuci da manhajar zanen gini. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, sannan a yanke mini hukunci a ƙasa kamar yadda muka saba.

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar zanen gida, irin faffaɗar nan da ake kai wa hukuma ta buga mata hatimi, ya ga wasu ƙananan layuka da ɗige-ɗige sun cika cikin bango da harsashi da daɓen ɗaki. Wani wurin layuka ne a karkace, wani wurin ɗige-ɗige ne gauraye da 'yan ƙananan alwatika. Mai gida yakan ɗauka ado ne, alhali umarni ake ba magini. A zanen gini akwai wanda ake yi kamar an sa wuƙa an raba gidan biyu, yadda ake raba kankana a ga cikinta. Duk abin da wuƙar ta ratsa sai an faɗi mene ne shi: nan kankare ne, nan bulo ne, nan yashi ne, nan katako ne. Da waɗannan layuka da ɗige-ɗige ake faɗa. A AutoCAD umarnin da ke yin wannan aiki sunansa HATCH. Ni a rubutun nan ciko zan riƙa kiransa, domin abin da yake yi ke nan, yana cike fili da alamar da ke gaya wa mai karatu abin da za a zuba a wurin.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙasashen Turai, lokacin da ake buga littattafai da baƙar tawada kaɗai, masu zana tamburan sarauta sun rasa yadda za su nuna launi. Tsarin da ya yi fice shi ne wanda wani malamin coci mai suna Petra Sancta ya wallafa a 1638: layi a tsaye yana nufin ja, layi a kwance yana nufin shuɗi, ɗige-ɗige kuma zinariya. Babu abin da ya haɗa layin tsaye da jan launi in ban da yarjejeniyar da mutane suka yi a kai. Haka masu zanen gini da na injuna suka yi tasu yarjejeniyar, suka shekara suna jan layukan da hannu, da rula da alƙalami, ɗaya bayan ɗaya. Da kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD a 1982, a hankali aikin wuni guda ya koma na 'yan daƙiƙu. Ku riƙe wannan kalma ta yarjejeniya, don a kanta duk maganata ta tsaya.

Ga yadda ake aikin, don wanda bai taɓa gani ba. Ka zana bangonka, ka kira umarnin, ka zaɓi irin cikon da kake so daga jeri, sannan ka latsa cikin filin da kake son a cike. Sharaɗin farko shi ne iyakar filin ta zama a rufe ruf. In akwai ɓaraka ko da ba ta kai ƙwayar gero ba, manhajar za ta ƙi, ta zana maka jajayen da'irori a inda layi bai haɗu da ɗan uwansa ba. Wani lokacin kuma cikon ya bi ta ɓarakar ya malale ɗakin maƙwabta, ka ga falo guda ya zama kankare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wani saiti mai suna HPGAPTOL da ke sa manhajar ta kau da kai daga ƙaramar ɓaraka, amma mai zanen kirki komawa yake ya haɗa layinsa, domin ɓarakar da ta hana ciko zama ita ce za ta ɓata awon bango gobe.

Sai batun ma'auni. In ka ƙanƙanta cikon ƙwarai zai fito a takarda baƙi ƙirin kamar an zubar da tawada, in ka girmama shi fiye da kima ba za ka ga komai ba. Babban abin da ke jawo wannan a wurinmu shi ne AutoCAD na zuwa da fayil biyu na ciko: acad.pat na masu awo da inci, da acadiso.pat na masu awo da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka wanda ke zane da milimita amma manhajarsa na ɗauko cikon inci zai ga komai ya cunkushe sau 25. Saitin MEASUREMENT ne ke raba gardamar: 0 na inci, 1 na milimita. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan ware wa ciko shimfiɗarsa daban a cikin zane, don a iya kashe shi in kwamfuta ta fara nauyi, kuma ba sa tarwatsa shi da umarnin EXPLODE, domin nan take zai koma dubban gutsattsarin layuka da ba su san juna ba. A Revit kuwa ciko iri biyu ne. Akwai wanda girmansa a takarda ba ya sauyawa, alama ce kawai. Akwai kuma wanda ke wakiltar ainihin girman abu, kamar tayil ko bulo, har za ka iya ƙirga layukansa ka san yawan da bango zai ci.

To, yanzu mu buɗe jerin mu ga su wa ke ciki. Akwai ANSI31, layukan nan masu karkata digiri 45, na ƙarfe da jan bulo da ginin dutse. Akwai ANSI33 na tagulla da danginta. Akwai AR-CONC na kankare, AR-SAND na yashi, GRAVEL na tsakuwa. Akwai AR-B816, bulon Amurka mai inci 8 da 16. Akwai AR-RSHKE, rufin da ake yi da faskararren katako a ƙasashen sanyi, wanda ban ga dalilin da zai kawo shi Wudil ba. Akwai AR-PARQ1 na daɓen katako. Akwai na toshiyar kwalba, akwai na fadama, akwai saƙar zuma, akwai taurari. Har da wani mai suna ESCHER, sunan wani mai zane ɗan ƙasar Holan. Ba na ganin laifin waɗanda suka tsara jerin. Sun zuba abin da ke gabansu ne, kayan ginin ƙasarsu da ma'aunin ƙasarsu, sun kuma yi aikinsu da kyau.

Abin da babu shi ne namu. Babu tubali, wanda ake curawa da hannu daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana, a jera shi gindi ƙasa kai sama ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, don haka duk cikon da ya nuna shi a matsayin jerin akwatuna masu kusurwa huɗu ya yi masa ƙarya. Babu azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika damunta ba, ita ce ƙashin rufin soro da bakan gizo da ɗaurin guga. Babu zana ko asabari da ake shimfiɗawa a kan azara kafin a zuba ƙasa. Babu makuba, ruwan kwasfar ɗorawa da ake kwaɓa yaɓe da shi don ruwan sama ya zame. Babu laso, simintin kakanninmu, da ake haɗawa daga katsin marina da gashin jima da dafara. Babu daɓe, babu jinka. Da waɗannan kaya aka gina Gidan Makama da Gidan Rumfa a Kano. Da su Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830 zuwa 1840, ginin da har yau masana gine-gine na duniya ke nazarin bakunansa. Amma ɗalibin da zai zana yankan wannan masallaci a kwamfuta ba shi da alama ko ɗaya a jerinsa da ke kiran kayan da sunansu.

Wani zai ce to sai me, ai alama ce kawai. Mu bi sawun takardar mu gani. Daga hannun mai zane takan je wurin mai ƙiyasin kuɗin gini, wanda zai karanta ciko ya rubuta kaya da farashi. Daga nan ta je hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a nan Jihar Kano, don neman izini. Daga nan ta sauka hannun ɗan kwangila da birkila. Kowannensu abin da ya gani a takarda shi zai yi aiki da shi. Mu ɗauka iyali suna son gyara tsohon zauren gidansu na gado. Mai zane ya zo ya auna, ya koma ya zana, ya nemi alamar tubali ya rasa, ya manna layukan digiri 45 don kada filin ya zauna fayau. Mai ƙiyasi ya karanta bulo, ya rubuta filastar siminti. Birkila ya zo ya lafta siminti a jikin bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, kuma laimar da ta shiga bango ba ta samun hanyar fita, sai bangon ya riƙa ruɓewa daga ciki fuskarsa na sheƙi. Bayan 'yan damuna filastar ta ɓantare da ƙasar da ke bayanta, a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu. Kalma ce aka rasa a matakin farko, kowa ya bi abin da aka rubuta masa.

A nan Wudil abin ya fi kusa da mu fiye da yawancin garuruwa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001 da sunan KUST aka sauya mata suna a 2022, tana koyar da zanen gine-gine. Kowace shekara matasa daga ko'ina a Arewa na zaune a garin nan da kwamfuta a cinya suna koyon wannan jeri. Mu da muka yi difloma a foli ma shi muka haddace. Hannu yana sabawa da abin da ke kusa da shi. Wanda ya shekara huɗu ko biyar yana latsa kankare da bulo da tayil cikin daƙiƙa ɗaya, alhali tubali sai ya zauna ya zana shi ɗaya bayan ɗaya, ba sai an hana shi tunanin ginin ƙasa ba, da kansa zai daina. Ga kogi a gefenmu tifofi na kwasar yashi, ga masu buga bulo a bakin titin Maiduguri. Duk abin da ke kewaye da shi na ce masa bulo, manhajar ma ta ce bulo.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce ai akwai EARTH a jerin, akwai CLAY, akwai MUDST, me ya hana a yi amfani da su? Amsa ita ce ma'anarsu daban. EARTH a zanen gini na nufin ƙasar da ginin ke zaune a kai, wadda aka haƙa aka zuba harsashi a ciki. MUDST kuwa daga alamomin masu nazarin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa ta fito. In ka cike bango da alamar EARTH, ka ce wa mai karatu nan tudun ƙasa ne da ba a taɓa ba. Kuma ko da an yarda a ara, alama ɗaya ba za ta ɗauki tubali da yaɓe da makuba da laso da daɓe ba. Kamar a ce wa Bahaushe tuwo da fura da kunu da koko duk a kira su hatsi, tunda daga gero suka fito.

Na biyu zai ce amfanin alama shi ne kowa ya gane ta, daga Kano har Legas har Landan, in kowane gari ya ƙirƙiro tasa an koma gidan jiya. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran a taɓa alamar kankare ko ta ƙarfe. A bar su yadda duniya ta san su. Ƙari nake nema a inda babu komai. Kowane zane na ƙwarai yana da mabuɗi a gefe, ɗan akwatin da ke cewa wannan alama na nufin kaza. Injiniyan da bai taɓa jin kalmar makuba ba zai duba mabuɗi ya ga alamar, ya ga sunan, ya ga bayani cikin Turanci a gefensa. Yadda aka yi yarjejeniya a 1638, aka yi wata a ofisoshin Amurka, haka za a iya yin wata a Kano. Sharaɗin kawai shi ne mu haɗu a kan alama ɗaya ga kowane abu, kada kowa ya kama gabansa.

Na uku shi ne mai nauyi: wa ke son gidan ƙasa yau? Duk wanda ya sami kuɗi rushe na ƙasa yake ya sa bulo, kuma mu mutanen bakin kogi mun san yadda katangun ƙasa ke zubewa in damuna ta yi nauyi. Ba zan musa ba, kuma ba zan ce wa wanda ɗakinsa ya faɗi ya zauna a ciki don kishin al'ada ba. Amma a duba abin da ke kayar da bangon ƙasa: ruwan da ke kwanciya a gindinsa, da ruwan da ke zubo masa daga sama in indararo ya toshe ko yaɓe ya zaizaye. Maganinsu harsashi ne na dutse ko kankare da ya ɗaga bango sama da ruwa, da rufi mai fitar da ruwa nesa, da shafe mai kyau. Duk waɗannan hawa-hawa ne da dole zane ya nuna kowanne da alamarsa. Ga kuma maƙwabtanmu a Nijar. Masallacin Yaama a yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa na matsi, aka kammala a 2018. A nan gida ma cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana aiki a kan injin matsa bulon ƙasa. Da tsadar siminti da zafin bazara da rashin wuta, bango mai kauri da ke jinkirta shigar zafi ɗaki ba abin rainawa ba ne. Ko da kuwa ba za a sake gina sabo ko ɗaya ba, tsofaffin da ke tsaye suna buƙatar a zana su daidai kafin a gyara su.

Abin da ya fi ba ni takaici kuma ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne sauƙin aikin. Fayil ɗin ciko rubutu ne zalla, Notepad ma ya isa. Layin farko na farawa da tauraro, sai sunan cikon, sai bayaninsa. Kowane layi na ƙasa yana bayyana dangin layuka guda: kusurwarsu, inda za su fara, tazarar da ke tsakaninsu, sannan tsawon inda alƙalami zai ja da inda zai ɗaga. Mu gwada da bulonmu, wanda fuskarsa milimita 450 ce a tsawo da 225 a tsayi, ba 8 da 16 na Amurka ba:

*BULO, bulon Nijeriya 450 da 225
0, 0,0, 0,225
90, 0,0, 225,225, 225,-225

Layi na biyu na cewa a ja layuka a kwance, tazarar 225 tsakaninsu. Na uku na cewa a ja na tsaye, a ja 225 a ɗaga 225, kowane na gaba ya goce da 225, don gaɓar sahu ɗaya ta faɗo tsakiyar bulon da ke ƙasa. Ka adana shi da suna BULO.pat, ka bar layi ɗaya fanko a ƙarshe, ka ajiye shi a inda manhajar ke neman fayilolinta. Shi ke nan, ka ƙara wa AutoCAD kalma. Revit ma na karɓar irin wannan fayil. Wanda ke sauri kuma zai iya ɗaukar AR-B816 ya sa ma'auninsa 1.125, sai 8 da 16 su koma 9 da 18.

Akwai iyaka, kada in yi muku daɗin baki. Wannan tsari miƙaƙƙen layi kaɗai ya sani, bai san lanƙwasa ba. Tubali mai siffar ƙwai sai dai a kwaikwaye shi da gajerun layuka da yawa, ko a yarda da alama mai sauƙi kamar jerin alwatika masu kallon sama. Dagi da sauran adon da magina ke yi a fuskar zaure, da irin su aska takwas da masu ɗinkin babbar riga ke zubawa, sun fi ƙarfin layi uku. Su akan zana su sau ɗaya a adana, a riƙa maimaitawa da umarnin SUPERHATCH. Kuma a ganina adon bango bai kamata ya zama ciko ba ma, domin magini ba ya maimaita shi kamar tayil, kowace fuska da yadda yake karanta ta. Kayan gini nake nema wa alama, ado a bar wa gwanayensa.

To ina marubuci a ciki? Ku sake duba layin farko na fayil ɗin: tauraro, suna, bayani. Lambobin ƙasa aikin ɗalibin zane ne, zai gama su a zama ɗaya. Suna da bayani kuwa aikinmu ne, kuma su ne masu wuya. Mene ne bambancin yaɓe da shafe a bakin magini? Ƙasar da ake tubali da ita da wadda ake rufi da ita suna ɗaya gare su? Abin da magini na Kano ke kira da suna kaza, haka na Zazzau da na Katsina da na Damagaram ke kiransa? Da ɗan gari akan ci gari, amsar tana wurin dattawan magina, kuma a masarautunmu har sarautar Sarkin Magina akwai. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 za su taimaka wajen tantance kalma, amma ba za su gaya maka kaurin da ake ba laso a kan soro ba. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu yana zana su, aikinsa ya fito a juzu'i uku a 1990, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Da Turanci ya rubuta. Na Hausa, wanda birkila da ɗan sakandare za su karanta, yana jiran mu.

Kuma kada mu ɗauka masu zane kaɗai ke da jerin da suke latsawa ba tunani. Mu duba labaran da muke sakawa a Wattpad da WhatsApp. Da zarar an zo gidan jarumi: katafaren gida, ƙaton get, tayil mai ɗaukar ido, kujeru na alfarma, sanyin na'ura. Da zarar an zo gidan jaruma talaka: ɗan ƙaramin gidan ƙasa, shi ke nan, kalma huɗu an wuce. Gidan mai kuɗi ya sami shafi guda, gidan da yawancinmu muka girma a irinsa ya sami alamar EARTH. Babu zankon da ke kan katanga, babu ƙamshin sabon yaɓe bayan an yi yayyafi, babu sanyin soro da azahar, babu uwar da ke kallon tsagar bango tana lissafin ko zai kai kaka. Mai karatu na koyon abin da ya cancanci a kalla daga abin da marubuci ya tsaya ya kalla. In mu da kanmu mun mayar da gidan ƙasa alamar talauci kawai, da wane baki za mu zargi manhajar Amurka?

Ga shawarata, kuma ba ta buƙatar tallafin kowa. Mu fara da abu goma: tubali, yaɓe, makuba, laso, azara, zana, asabari, daɓe, jinka, da bulon ƙasa na matsi. Kowane mai sha'awa a zauren nan ya ɗauki ɗaya, ya nemi magini dattijo a garinsu, ya je da ladabi da ɗan goro, ya tambaye shi: da me ake yi, yaya ake haɗawa, a ina ake sawa, nawa ne kaurinsa, shekara nawa yake yi kafin a sabunta, me ke ɓata shi. In ya yarda a ɗauki muryarsa a waya, a kuma rubuta sunansa da garinsa da izininsa, don ilimin nasa ne. A dawo a rubuta shafi ɗaya da Hausa mai tsabta, ba ƙawa ba ƙari. Mu tara su a nan, mu gyara wa juna, inda garuruwa suka saɓa mu rubuta duka. Sannan mu miƙa wa 'yan uwanmu ɗaliban zanen gini su fitar da alama ga kowanne, su nuna wa malamansu su duba, a sa fayil ɗin inda kowa zai sauke kyauta. Wanda ya yi wannan zai fita da riba biyu: ya taimaka wa sana'ar da ba tasa ba, ya kuma koyi yin tambaya da sauraro da bayyana abu dalla-dalla, wanda shi ne abin da yawancin rubutunmu ke nema.

Ni na ɗauki laso, tunda marina ba ta yi mana nisa ba. Saura tara. Wanda ya ɗauki ɗaya ya rubuta a ƙasa tare da sunan garinsu don kada mu yi karo. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure a wata kalma ko wani bayani, musamman 'ya'yan gidan magina da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take, a gyara mini. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mun haɗu a sharhi.

Daga Wudil, Jihar Kano.